Marka, Tururuwar da Ta Ɗaga Kai

Dalilin da ya sa tururuwar hamada take tsayawa ta dubi sama kafin ta kama hanyar gida, shi zan gaya muku yau, yara, in kun matso kun natsu. Tururuwar da kuka sani, wadda ke kwashe mana gero a gindin rumbu, kullum kanta a ƙasa yake, tana shinshinar sawun ta gabanta. To, can arewa, inda ƙasar noma ta ƙare rairayi ya fara, akwai wata iri mai dogayen ƙafafu. Ita kaɗai take fita, kuma da rana tsaka, lokacin da ko raƙumi inuwa yake nema. Za ta yi gabas, ta yi kudu, ta komo, ta sake karkata, har ka rantse ta ɓata. Amma tana samun abin da ta fito nema, sai ta tsaya cak, ta ɗaga kai, ta juya, ta miƙe ɗoɗar sai bakin raminta. Da can ba haka take ba.

A zamanin da, tururuwan hamada su ma hanci suke bi. Garinsu a ƙarƙashin ƙasa yake, tsakiyar wani fili fetal, babu itace babu dutse, ƙofar garin kuwa ba ta fi ƙwayar dawa faɗi ba. Kullum da sassafe ayari zai fita, madugu a gaba yana goga ƙanshi a kan rairayi, saura na biye a jere. Da wannan ƙanshin suke zuwa kwarin da ake samun tsabar ciyawa, da shi suke dawowa kafin hantsi ya yi zafi. Madugunsu wani tsoho ne, Baba Barmo, wanda bai taɓa ɓatar da ayari ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba.

Suna da wata tsohuwar yarjejeniya da Iska. Duk sa'ad da Iska ta zo wucewa tana sharar rairayi, in ta iso hanyar tururuwa sai ta ɗage ƙafa ta tsallake. Su kuma kowace la'asar sukan fito da ƙaiƙayin tsabar da suka sussuka, su tara mata a bakin ƙofa. Iska ba cin sa take yi ba. Wasa take yi da shi, ta watsa sama, ta cafe, ta yi ta juyi tana dariya.

A garin akwai wata budurwar tururuwa, sunanta Marka, domin an haife ta a shekarar ƙarshe da aka yi ruwa mai yawa. Tana cikin masu ƙwazon ayari, har ranar da Ƙadangare ya faɗa musu a hanya. Ya kai mata cafka ta goce, amma ya tafi da 'yan gashin nan biyu na goshinta, waɗanda tururuwa ke jin ƙanshi da su. Ta warke, sai dai daga ranar ko zuma aka ajiye a gabanta ba ta sanin akwai ta sai ta gani.

Ta roƙi Baba Barmo ya bar ta ta riƙa bin ayari, ta ce za ta kama ƙafar ta gabanta.

Ya ce, "Yarinya, ayari ba wurin jan makaho ba ne. Ki zauna a ƙofa, ki riƙa fitar da rairayin da ya zubo ciki. Shi ma aiki ne."

Haka Marka ta zama mai sharar ƙofa. Da safe ta ga fitar ƙawayenta, da hantsi ta ga dawowarsu da kaya niƙi-niƙi suna hira, ba wanda ya ce mata sannu. In kowa ya shige, sai ta rage ita kaɗai a bakin rami. Ƙasa ba ta da abin da za ta gaya mata kuma, don haka sai ta fara ɗaga kai.

Wata rana da tsaka, tana zaune a haka, sai ta ji murya daga sama.

"Wace ce wannan ke ƙura mini ido kullum?"

Marka ta durƙusa. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ni ce Marka, mai sharar ƙofa. Ban yi don raini ba. Ba ni da abin kallo ne sai ke."

Rana ta ce, "Tun da aka halicce ni, in na kai tsaka kowa gudu yake yi. Mutum ya shige ɗaki, tsuntsu ya shige ganye. Ke ce ta farko da ta zauna. Amma daina kallon tsakiyar fuskata, za ki rasa idon ma. Kalli gefe. Me kika gani?"

"Shuɗi kawai, ranki ya daɗe."

"Sake dubawa. Kada ki yi sauri."

Marka ta duba har wuyanta ya ƙage, ba ta ga komai ba. Kashegari ta sake. Sai a kwana na bakwai idonta ya kama wani abu siriri, kamar zare a cikin shuɗin. Ta bi shi da kallo, ta ga ya lanƙwashe, ga wani a bayansa, ga wani kuma a bayan wancan, zagaye bayan zagaye har ƙarshen sama.

Ta yi tsalle ta ce, "Na gani! Kamar saƙar faifai!"

Rana ta ce, "Mayafina ne. Ni ce cibiyar faifan, duk inda na matsa yana matsawa tare da ni. Ba kowane ido ke ganinsa ba."

Daga nan Marka ta sami abin yi. Ta koyi inda Rana take tsayawa da hantsi, da inda take in ta yi tsaka, da inda take gangarawa da la'asar. Ta koyi yadda saƙar take juyawa a hankali. Har ta kai in ta rufe fuskar Rana da ƙafarta ta gaba, ta dubi ɗan yanki kaɗan na sama, lanƙwasar zaren kaɗai ta isa ta gaya mata ta wane gefe cibiyar take. Ta taɓa ba wata ƙawarta, Dela, labarin. Dela ta dube ta da tausayi, ta ce zaman kaɗaici ne ya fara taɓa mata kai. Marka ba ta sake gaya wa kowa ba.

Ana nan, fari ya tsananta. Tsabar kwari ta yi ƙaranci, rumbunan garin suka yi ƙasa. Baba Barmo ya ba da umarni a daina fitar da ƙaiƙayi, a riƙa haɗawa da shi ana ci. La'asar ta yi, Iska ta zo ta tarar da bakin ƙofa wayam. Ta zo kashegari, haka. A rana ta uku ta tsaya ta yi sallama, Marka ta shiga ta kira madugu.

Iska ta ce, "Madugu, lafiya na ga shiru kwana uku?"

Da Barmo ya ce mata yunwa ce ta sa, a yi haƙuri, da magana ta ƙare a nan. Amma ya fito a gajiye, ga jarirai na kuka a ciki.

Ya ce, "Muna fama da abin da za mu sa a baki, ke kina neman abin wasa? Ke da ba ki da gida, ba ki da ciki, sai yawo."

Iska ta ce, "Haka ne. Amma hanyar nan taku, wa yake tsare muku ita?"

"Hancinmu."

"To, madalla. Allah ya bar ku da hancinku."

Ta wuce a hankali, ko ƙwayar rairayi ba ta motsa ba. Wannan sanyin nata shi ya fi ba Marka tsoro. Ta ce, "Baba, da ka bi ta ka ba ta haƙuri." Ya ce ta kula da shararta.

Kashegari da sassafe Barmo ya kwashi duk wani mai ƙarfi a garin, domin ya ji labarin wani kwari mai nisa da bai bushe ba. Iska ta bar su suka tafi. Sai da suka yi nisa suka ɓace wa ido, sa'an nan ta taso. Marka tana kallo, Iska ta bi hanyar tun daga bakin ƙofa, tana shara, tana birkita rairayi, ta mai da na sama ƙasa, na ƙasa sama. Kafin hantsi fili ya koma sumul kamar ba a taɓa taka shi ba.

Hantsi ya yi, ba ayari. Ya wuce, ba ayari. Magajiya, uwar garin, ta hauro da kanta har bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta leƙa, zafi ya mare ta, ta ja da baya.

Ta ce, "In Rana ta kai tsaka suna waje, rairayi zai soya su. Ga shi ba wanda ya rage sai tsofaffi da jarirai, abincin kuma na kwana biyu ne."

Marka ta ce, "Inna, zan je in nemo su."

"Ke? Ke da ba kya jin ƙanshi?"

"Inna, ai ƙanshin ne ya ɓata."

Magajiya ta dube ta. Sa'an nan ta ce, "Je ki, 'yata. Allah ya kai ki, ya maido ki."

Marka ta fita. Takun farko ta ji kamar ta sa ƙafa a kan garwashi. Ta miƙe ƙafafunta iyakar tsawonsu don cikinta ya yi nesa da ƙasa, ta ɗage bayanta sama, ta zura da gudu. Ba ta san inda ayari yake ba, don haka dole ta yi ta kewaye. Amma duk lokacin da za ta karkata sai ta tsaya, ta dubi saƙar sama, ta ce a ranta, "Na yi gabas taku ɗari uku, yanzu zan yi arewa. Gida yana bayan kafaɗata ta hagu." In ta sake karkata, ta sake gyara lissafin. Ko'ina ta juya, ta san ta inda garinsu yake.

Tana cikin haka ta zo wucewa ta gaban wani ɗan dutse, sai ga Ƙadangare kwance a ƙarƙashinsa, baki buɗe yana haki. Gabanta ya faɗi.

Ya ce, "A'a! Ba ke ce na taɓa ɗanɗana ba? Matso mu gaisa."

Ya miƙo ƙafa ɗaya ya ɗora a kan rairayi, nan take ya janye yana yarfe ta. Ya gwada ɗayar, haka. Marka ta lura, tsoron ya sake ta.

Ta ce, "Fito mana, Malam Ƙadangare, ga ni."

Ya yi ta gyaɗa kai don haushi, ta wuce ta gaban hancinsa ta yi gaba.

Ta same su can a ƙarƙashin wani tsohon ƙashin raƙumi, sun cunkushe a 'yar inuwar da ke raguwa. Tun safe Barmo yake ta kewayawa da su yana neman ƙanshin da babu, sau uku suna dawowa kan ƙashin nan. Bakwai sun riga sun mutu. Shi kuwa yana zaune a gefe, hancinsa duk rairayi, ya ƙi haɗa ido da kowa.

Dela ce ta fara ganinta. Ta ce, "Marka! Ke ma ɓata kika yi?"

"Ban ɓata ba. Na zo in tafi da ku."

Suka yi caa a kanta. Wani ya ce a bi sawunta kafin ya goge. Marka ta ce a'a, hanyar da ta biyo karkatacciya ce, in suka bi ta rabinsu ba za su kai ba. Ta ɗaga kai, ta juya sau ɗaya, ta nuna wani wuri tsakanin kudu da yamma inda babu komai sai rairayi.

"Gida yana can. Taku dubu da ɗari biyu, in muka miƙe."

Dela ta ce, "Wa ya gaya miki? Zaren nan naki na sama?"

"Shi."

Duk suka juya ga Barmo. Tsohon ya tashi da kyar, ya dubi inda ta nuna, ya dubi sama bai ga komai ba, ya dube ta.

Ya ce, "Ta fito daga gida ita kaɗai ta same mu. Ni na fito da ku, na kasa mai da ku. Ku bi ta. Ni zan tsaya a baya."

Suka fito da gudu, kowa ya miƙe ƙafa kamar yadda ya ga Marka ta yi. Ba su yi nisa ba suka ci karo da wata ƙatuwar fara da zafi ya kayar, tana kwance a bushe. Marka ta ce a ɗauka. Ashirin suka tallabe ta, aka ci gaba.

Iska ta hango su daga nesa, ta ga sun miƙe sak ba su shinshinar komai. Ta lura da wadda ke gaba, ta ga inda take kallo. Sai ta zabura ta yi kudu, ta samo wani baƙin gajimare da ya ɓace daga 'yan'uwansa, ta turo shi har ya rufe fuskar Rana ruf.

Fili ya dushe. Ayari ya tsaya, aka fara salati. Mafi muni kuma, rairayi ya fara hucewa, kuma Marka ta san wanda ke jiran haka a ƙarƙashin dutse. Ba a daɗe ba Barmo ya yi kira daga baya, "Ga ƙura can! Ƙadangare ya fito!"

Dela ta riƙe ta tana kuka. "Ranarki ta tafi, yanzu sai ina?"

Marka ta zame jikinta. Ta shiga juyi a wuri ɗaya, kanta a sama, tana neman ko da ɗigon shuɗi. Gabas baƙi. Kudu baƙi. Ta sake juyawa a hankali, sai can arewa, inda gefen gajimaren ya yage, ta ga wata 'yar kafa ba ta fi tafin hannun jariri ba. Ta ƙura mata ido. Zare ɗaya ya fito, sa'an nan na biyu, a lanƙwashe. Ta bi lanƙwasar da ido har inda cibiyar ya kamata ta kasance a bayan gajimare.

Ta ce, "Nan! Ku biyo ni, kada wanda ya waiwaya!"

Suka kwasa. Iska ta riƙa bugun su ta gefe, tana watsa musu rairayi a ido, Marka kuwa sai ƙirga takunta take yi. Dubu. Dubu da ɗari. Dubu da ɗari biyu. Ta tsaya.

Babu ƙofa. Fili sumul ta ko'ina, domin Iska ta riga su zuwa ta binne bakin ramin.

Wani ya ce, "Ta kashe mu."

Marka ta ce, "A nan yake. Ku tona."

Ba wanda ya motsa, sai Barmo. Ya ratso ayari ya zo ya durƙusa daidai inda ƙafarta take, ya fara tono kamar saurayi. Dela ta bi shi, saura suka rufu. Suna jin takun Ƙadangare yana matsowa. Can sai Barmo ya tsaya ya kara kunne. Daga ƙarƙashi ana tono, ana kiran sunayensu. Tsofaffin garin ne, Magajiya a gabansu. Rairayin ya rufta, ƙofa ta buɗe.

Aka tura farar ciki, ayari ya bi, ɗaya bayan ɗaya. Marka ta tsaya a bakin ƙofarta tana shigar da su, har ya rage ita da Barmo. Ƙadangare ya iso ya buɗe baki. A daidai nan Rana ta ture gajimaren ta leƙo da dukan zafinta, ta haske masa ido. Ya kai cafka ya cika baki da rairayi. Kafin ya tofar, su biyun sun shige.

Guɗar da aka yi a garin nan, sai da ta girgiza rufin rumbuna. Aka yanka fara, jarirai suka ci suka yi shiru, tsofaffi suka ci har suka bar saura. Aka ɗaga Marka sama ana zagaya gari da ita, Dela a gaba tana rera mata kirari da muryar da ta dishe da kuka. Magajiya ta sa aka kawo ta gabanta, ta ce daga yau ita ce madugu.

Marka ta ce, "Inna, a gafarce ni. Madugu ɗaya in ya rasa hanya, gari duka ya rasa. Gara in koya wa kowa, ya zama madugun kansa."

Kashegari ta fito ta yi wa Rana godiya. Rana ta ce, "Ki gaya wa mutanenki, su bar wa Ƙadangare safiya da maraice, su fito in na kai tsaka. Duk ƙwaron da zafina ya kayar, nasu ne. Mayafina kuma yana nan a shimfiɗe ga duk wanda ya koyi ganinsa. Sai dai ba zan rage zafi saboda ku ba. Ku fito da sauri, ku koma da sauri."

Marka ta ce sun yarda. Da ta waiwaya, sai ta ga an riga an fito ɗaukar darasi. Na farko a layi Baba Barmo ne, ya zauna a inda take zama, ya ɗaga tsohon wuyansa sama yana ƙifta ido.

Ya ce, "Malama, ni shuɗi kawai nake gani."

Ta ce, "Sake dubawa, Baba. Kada ka yi sauri."

Sai da ya yi kwana goma sha biyu. Ran da ya gani, ihun da ya yi har jarirai suka firgita.

Shi ya sa har yau, yara, tururuwar hamada ba ta jeruwa a bayan kowa, ba ta kuma neman sawu a ƙasa. Ƙafafunta sun zauna da tsawonsu, gudunta kuwa ba tururuwar da ke kama ta. Kowace ƙaramarsu, kafin a bar ta ta tafi nema, sai ta yi kwanaki tana kewaya bakin rami, tana tsayawa, tana juyi, tana koyon sama. Iska kuma har gobe ba ta huce ba. Kullum tana nan tana share hamada daga wannan gefe zuwa wancan, tururuwa na wucewa ta gabanta da fara a ka, ta miƙe sak zuwa gida.